Littattafan Ibada, Lafiya, Sana'a da Zaman Iyali a Ƙasar Katsina

Waɗannan su ne littattafan da ke koya wa mutum yadda zai yi salla, ya tsare jikinsa daga cuta, ya riƙe sana'a, ya zauna da iyalinsa lafiya. Masu rubuta tarihin adabin Hausa sun fi mayar da hankali kan ƙagaggun labarai, su fara da gasar rubutu ta 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki, su ambaci waɗannan a gurguje. Amma a garuruwa irin Kankiya da Kusada, a tsakiyar Jihar Katsina, su ne suka fi shiga gidaje, su ne kuma suka fi saurin lalacewa saboda yawan ɗauka da ajiyewa.

Zamanin gafaka

Tun kafin boko, almajirin da ya sauke Alƙur'ani yakan zauna a zauren malami ya fara da Ƙawa'idi, ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sannan Risala. Warƙoƙi ne warwatse da ake ɗaurewa cikin gafaka, malam na karanta Larabcin yana fassarawa da baki. A cikinsu ake samun hukuncin tsarki, aure, saki, shayarwa da ciniki, wato ibada da iyali da sana'a duk a gafaka ɗaya. Katsina na da nata hannu a nan: Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya yi wa Ishmawi sharhi. A ƙarni na 19 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na ciwon basir, ƙanwarsa Nana Asma'u (1793–1864) kuwa ta tsara waƙoƙin koyarwa da mata masu koyarwa, waɗanda ake kira jaji, ke kai wa mata ƙauyuka.

Hukumomin Zariya

An yi saɓani kan shekarar kafa Hukumar Fassara. Wasu sun ce 1929, wasu 1930. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ta zauna a Zariya a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta koma Hukumar Talifi a 1933. A 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairun 1939 da Abubakar Imam, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, a matsayin edita, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Daga wannan gida ne Zaman Mutum da Sana'arsa ya fito, da Ikon Allah na East da Imam, wanda ya bayyana halittu da yanayin duniya, da Bala da Babiya na Nuhu Bamalli, wanda ya saka darasin tsabta da kiwon lafiya cikin labari don yaro ya karanta ba tare da ya ji ana yi masa faɗa ba.

Shekarun Yaƙi da Jahilci

Wannan ne zamanin da ya fi kowane muhimmanci a tarihin irin waɗannan littattafai, kuma bai kai shekara goma ba. A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi na Katsina yana cikin manyan jagororinsa. En'e-en'e suka buɗe azuzuwan manya a gundumomi. Magidanci mai gemu ya zauna a kan tabarma da yamma bayan ya dawo daga gona, ya riƙe fensir da hannun da ya saba da fartanya, yana bin malamin da wataƙila sa'an ɗansa ne. Nan da 'yan watanni ya iya haɗa baƙi da wasali. Sai matsala ta taso: wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, kafin damina biyu ya manta.

Don toshe wannan kafa aka kafa hukumar buga littattafai ta NORLA a Zariya. Nan ma shekarar ta rabu biyu, 1953 ko 1954. Mai yiwuwa duka biyun daidai ne, ɗaya ta shawara ɗaya ta fara aiki, amma ta biyun ce ta fi ƙarfi, domin ita Neil Skinner ya bayar, shi kuwa ya yi aiki a hukumar. NORLA ta fitar da jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zazzau, ta Katsina kuwa Himma. Ta buga ƙananan littattafai masu arha, marasa kauri, da manyan baƙaƙe da zane-zane, kan noma da kiwo da tsabtar ruwa da renon yara. Wasu da boko, wasu da ajami, domin masu hukumar sun gane cewa dattijon da ke ƙyamar boko ba ya ƙyamar ajami.

Abin da ya fi karɓuwa shi ne na addini. Ibada da Hukunci na Alhaji Haliru Binji ya sauko da abin da ke cikin littattafan fiƙihu zuwa Hausar da matar aure za ta karanta a ɗakinta ba sai ta aika an tambayo mata malam ba. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne ga macen da ke cikin kulle, wadda ke jin nauyin tambayar hukuncin haila ko biƙi. Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi da waƙoƙin Mu'azu Haɗeja kan giya da karuwanci su ma aikin gyaran hali suka yi, ko da yake a jerin waƙa ake lissafa su.

Babbar wahalar NORLA ita ce rarrabawa. Buga littafi a Zariya abu ne mai sauƙi, kai shi hannun manomi shi ne aiki. Garin da ke bakin titi, kamar Kankiya da Yashe a kan hanyar Katsina zuwa Kano, ya fi na lungu samun rabo. Kuɗi suka gaza, aka rufe hukumar a 1959. Kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a 1966 tare da Macmillan ya gaji yawancin littattafan, amma ya karkata ga na makarantu, inda ciniki yake.

Bayan haka

Daga nan Kano ta karɓi ragama. Dillalan Kasuwar Kurmi suka riƙa buga littattafan addu'o'i, fassarar mafarki, maganin Musulunci da ladubban aure, 'yan tireda da masu shimfiɗa a ƙofar masallacin Juma'a suna kai su ko'ina. Maganar iyali kuwa ta koma cikin ƙagaggun labarai: Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Bilkisu Ahmed Funtuwa ta fitar da Allura Cikin Ruwa a 1994, mata suka yi ta aro da haya.

Ɓangaren lafiya da na sana'a ne suka rame. Akwai makarantar koyon aikin lafiya a Kankiya, amma da Ingilishi ɗalibanta ke karatu, sannan su je asibitin karkara su yi ta laluben Hausar da za su bayyana wa mai ciki hawan jini. Wannan giɓi shi ne wanda NORLA ta fara cikewa ta bari.

Yawancin waɗancan ƙananan littattafai takardarsu ba ta da ƙwari, gara da ruwan sama sun cinye da yawa. Duk wanda ke da ragowarsu a adakar mahaifinsa a Kankiya, Kusada ko kewaye, ya daure ya kai su Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ko Gidan Arewa da ke Kaduna a ɗauki hotonsu.