Asalin Usur na Jirgin Ƙasa

Lokacin da aka fara jirgin ƙasa mai tururi a Ingila, babu usur a jikinsa. Ƙaho direba yake riƙewa, in ya hango mutane ko dabbobi a kan layi sai ya busa da bakinsa. To, ina numfashin ɗan Adam zai kai a cikin rugugin ƙarfe da hucin tururi?

An ce a shekarar 1833, a layin dogo na Leicester zuwa Swannington, wani kan jirgi mai suna Samson ya banke keken doki a inda hanya ta ratsa layi, kusa da ƙauyen Bagworth. Ƙwai da man shanu ne a keken za a kai kasuwa, kaya suka yi kaca-kaca. Sai manajan layin, Ashlen Bagster, ya kai magana gaban injiniya George Stephenson. Bagster ya ce tunda ga tururi cike da tukunyar jirgi, me zai hana a bar masa busar? Aka nemi wani maƙerin kayan busa a Leicester, ya ƙera ƙahon ƙarfe wanda tururi ke busawa.

A zamanin nan kuma, a masana'antar ƙarfe ta Dowlais a ƙasar Wales, Adrian Stephens ya ƙera usur don gargaɗin ma'aikata idan ruwan tukunya ya yi ƙasa. Irin nasa ne jiragen ƙasa suka ɗauka, ya bazu a duniya.

Ga yadda usur yake aiki. Ƙoƙo ne na tagulla a kife. Idan direba ya ja igiya, tururi zai fito da ƙarfi ta wata siririyar tsaga, ya bugi leɓen ƙoƙon, abin da ke cikinsa ya kama kaɗawa, sai ƙara ta tashi. Tsawon ƙoƙon shi ne uban tafiya: dogo muryarsa kauri, gajere muryarsa siririya, kamar dai sarewar makiyayi. Idan aka ninka tsawon, saurin kaɗawar yakan ragu da kusan rabi. Faɗinsa kuma yana ƙara masa amo. Ƙarfin tururi ma da nasa rabon, domin in ya ƙaru muryar takan ɗaga sama. Shi ya sa gwanin direba kan ja igiyar sannu a hankali, ya sassauta, ya sa usur ya yi ta lanƙwasa murya, har mutanen gari su gane wanda ke tuƙi.

Jiragen Ingila sun fi amfani da ƙaramin usur mai tsinin murya. Amurkawa kuwa suka raba ƙoƙon ɗaki uku, ko biyar, ko shida, kowane da tsawonsa, muryoyin su fito tare da zurfi.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, kunnuwan ƙasar Hausa suka saba da wannan kuka. Daga baya jiragen dizal suka karɓi aiki, da ƙaho mai amfani da matsattsiyar iska.

Usur ya wuce, amma dalilin yin sa yana nan. Jirgi ba ya tsayawa nan take, ba ya kuma kaucewa. Saboda haka, mai karatu, duk inda ka ji kukansa a mararrabar dogo, ka tsaya, ka riƙe yaro da dabba, sai ya wuce.