Injinan Yanka Manyan Bututun Ƙarfe

Injinan yanka bututun ƙarfe na'urori ne da ake datse fayif da su, ko dai ta gurza, ko da haƙoran zarto, ko da wuta. A Bauchi masu walda ne suka fi ta'ammali da su, sai masu haƙa rijiyar burtsatse, da masu kafa ƙafafun tankunan ruwa, da ma'aikatan da ke gyaran layukan da ke kawo ruwa daga madatsar Gubi zuwa cikin gari. Wajen zaɓen inji ana duba faɗin bututun, amma kaurin jikinsa, da irin ƙarfen da aka yi shi da shi, da wutar da ake da ita a wurin aiki sun fi faɗin muhimmanci.

Giranda ita ce uwa ma ba da mama a kowane shagon walda. Kamfanin Ackermann + Schmitt na Jamus ne ya fito da mai gudu irin ta yau a 1954. Ƙaramar tana ɗaukar faifai mai inci 4.5, babbar kuma mai inci 9, wanda ke juyawa kusan sau 6,500 a minti, yana nutsewa cikin ƙarfe kamar milimita 70. Ba ta raba babban bututu a sara ɗaya, sai an zagaya shi. Gwanaye kan naɗa kwali mai miƙaƙƙen baki a jikin bututun, su bi bakin da alli, sannan su fara yanka suna mirgina shi. Dole a tokare ɓangarorin biyu da katako, domin idan ɗaya ya sunkuya, tsagar takan matse faifan, ya fashe ko injin ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi. Faifan ma yana da wa'adi, ana buga shi a zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa, kodayake ba kasafai mai saye ke dubawa ba. Babbar giranda na jan wat 2,000 ko fiye, saboda haka idan wutar kamfanin JED ta ɗauke, ƙaramin janareta ba ya tayar da ita.

Injin da ake girkewa a kan tebur mai faifan inci 14 yana yanka a miƙe kuma da sauri, sai dai iyakarsa bututu mai faɗin inci 4 zuwa 5. Zarton lantarki mai ɗamara ba ya tartsatsi, yankansa ya fi tsafta, amma yana da nawa.

Idan jikin bututu ya yi kauri, wutar gas ta fi komai sauri, kuma ba ruwanta da lantarki. Injiniyoyin Faransa biyu, Edmond Fouché da Charles Picard, suka ƙirƙiro hanyar haɗa oksijin da asitilin a 1903. Harshen wutar ya haura digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyas. Ana gasa ƙarfen har ya yi jawur, wajen digiri 900, sannan a sako masa oksijin zalla, ƙarfen ya ci da kansa, iskar tana ture tokarsa. Wannan ne ya sa hanyar ba ta aiki a kan ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma tana wahala da ƙarfen zubi. Ƙananan masu walda kan samu asitilin ta jiƙa kabaid da ruwa a tukunya, abin da ke da arha amma yana da haɗarin fashewa. Bakin yankan gas yakan fito da kaushi, sai an bi shi da giranda an fere shi a karkace kafin walda ta kama. Injin filasma ya fi gas tsaftar yanka, yana cin kowane ƙarfe mai ɗaukar lantarki, amma yana son tsayayyiyar wuta da injin matsa iska, shi ya sa bai yaɗu a shagunan bakin titi ba.

Bututu mai rufin zinki yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi idan wuta ta taɓa shi, don haka a fili ake yanka shi. Wanda ya taɓa ɗaukar fetur ko gas kuwa, tururin da ya rage a ciki ya isa ya tashi da tartsatsi ɗaya. A irin wannan aiki kamfanonin mai kan yi yankan sanyi: zobe ne mai rabi biyu da ake ɗaurawa a jikin bututun, wuƙarsa tana zagayawa a hankali tana fere ƙarfen, tana kuma gyara bakin walda a lokaci guda. Manyan ayyuka ne ke buƙatarsa, irin layin gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano mai faɗin inci 40 da tsawon kilomita 614, ko filin mai na Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da haƙa a Nuwamban 2022.