Daga Challawa Zuwa Kumbotso: Yadda Aka Raba Wutar Kano da Yadda Za a Haɗa Lissafinta

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano ya san ihun da yara kan yi idan an kawo wuta. Tela a Yakasai ya koma kan kekensa, mai markaɗe a Mandawari ya kunna inji, mai ƙanƙara ya fara lissafin ribar gobe. Kaɗan ne ke tunanin tafiyar da wutar ta yi kafin ta iso lungunsu, da hannuwan da ta ratsa. Tarihin lantarki a Kano tarihi ne na nisan da ya yi ta ƙaruwa tsakanin inda ake samar da wuta da inda ake shan ta, har aka wayi gari masu kula da wannan ɓangare ba sa ganin wancan.

A farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta kafa aikin ruwan famfo da lantarki a bakin kogin Challawa. Injin da ke samar da wutar, da wayar da ke kai ta gari, da ma'aikacin da ke gyara ta, duk ƙarƙashin hukuma ɗaya suke. Idan fitila ta yi rauni a birni, mai kula da inji bai yi nisan da labari zai kasa isa gare shi ba.

A 1951 hukumar ECN ta fara aiki, ta tattara irin waɗannan tashoshi na garuruwa. Aka kafa hukumar madatsun kogin Neja a 1962, aka kammala madatsar Kainji a 1968, sannan aka haɗe hukumomin biyu a 1972 aka sami NEPA. Daga nan wutar Kano ta zama baƙuwa mai zuwa daga nesa. Takan taso kan manyan turakun ƙarfe da ƙarfin bolt 330,000, ta biyo ta Kaduna zuwa tashar Kumbotso, inda ake rage ta zuwa 132,000. Tashoshi irin na Ɗan Agundi da Dakata su sake rage ta zuwa 33,000, ta sauko 11,000, kafin taransifomar unguwa ta mai da ita wadda gida zai iya sha.

Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta yanka wannan doguwar igiya. Aka fitar da kamfanoni 18: shida na samarwa, ɗaya na dakon wuta wato TCN, da 11 na rarrabawa. A watan Nuwamban 2013 aka miƙa na rarrabawar ga 'yan kasuwa, KEDCO ya ɗauki Kano da Katsina da Jigawa. Tun daga lokacin ake jin musayar zargi a faɗin ƙasar: masu dako su ce masu rarrabawa sun ƙi karɓar wuta, su kuma su ce ba a kawo ta inda ake bukata ba.

Wannan saɓani yana da tushe a cikin ilimin injiniyanci kansa. Ba a gwada tsarin lantarki a kan mutane, shi ya sa ake kwaikwayonsa. A 1929 jami'ar MIT ta Amurka ta haɗa wani babban teburin wayoyi mai kwaikwayon layukan wuta, kuma daga tsakiyar shekarun 1950 aikin ya fara komawa kan kwamfuta. Sai dai al'adar da aka gada ita ce kowane ɓangare ya yi lissafinsa shi kaɗai. A wurin injiniyan dako, unguwanni da dama na birni da kasuwarsu da asibitinsu lamba ɗaya ce tak a jikin tasha. A wurin injiniyan rarrabawa kuwa, tashar rijiya ce da ba ta ƙafewa, ƙarfinta ba ya motsi.

Zaman birni ya ƙaryata zato biyun. Lissafin dako yana ɗauka cewa layuka ukun da wuta ke bi nauyinsu ɗaya ne, alhali kowa ya san maigidan da ke fita da tocila ya canza layi idan nasa ya yi rauni, har unguwa ta tattaru a kan layi guda. Haka kuma idan ƙarfin wuta ya faɗi daga sama, injinan markaɗe da firji da famfunan rijiyar burtsatse sukan ƙara zuƙa, su ƙara janyo ƙarfin ƙasa. Idan an dawo da wuta bayan dogon ɗaukewa, kowa kan kunna komai a lokaci guda, nauyin ya zarce na kullum. Ga farantan sola da ke yawaita a kan soraye, suna sauya adadin da ake sha tsakanin rana da dare. Duk wannan yana komawa kan babban layi, shi kuma abin da ya same shi yana sauka a lungu. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai layin Ugwuaji zuwa Apir ya sami matsala, Kano da yawancin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu.

Maganin da masana suka fito da shi shi ne kwaikwayon ɓangarorin biyu tare. Manhajar dako ta aika wa ta rarrabawa ƙarfin wutar da ke bakin tasha, ita kuma ta mayar mata da ainihin abin da unguwanni za su sha a wannan ƙarfi. Su yi ta musaya har lissafi ya daidaita, sannan agogo ya matsa gaba. Ɗakunan binciken Ma'aikatar Makamashi ta Amurka sun fitar da manhajar HELICS kyauta domin irin wannan haɗi. Da ita za a iya tambaya tun kafin masifa ta auku: idan layi ɗaya ya faɗi, wane layin unguwa za a kashe domin Asibitin Murtala ya ci gaba da samun wuta?

Amma kwamfuta ba ta san abin da ba a gaya mata ba. Sai an bi lungunan Koki da Jakara an ƙidaya falwayoyi, an auna taransifomomi, an sa mita, kuma kamfanonin biyu sun yarda su buɗe wa juna littattafansu. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, ke nan Kano na da damar neman wannan haɗin kai, jami'o'inta kuma na da ɗaliban da za su iya aikin. En'e ta riƙe inji da fitila a hannu ɗaya saboda garin ƙarami ne a lokacin. Kano ta yau ta fi ƙarfin haka, amma lissafinta zai iya komawa teburi ɗaya, domin tela na Yakasai ya daina zama ɓoyayye a cikin lambar da aka rubuta a jikin tasha.