Gasar Kan Iyaka: Yadda Garuruwan Masaƙa na Kudancin Sikotilan Suka Kafa Lig Mafi Daɗewa a Wasan Zari-ruga

A shekarar 1901 ƙungiyoyin zari-ruga guda biyar da ke kudancin Sikotilan, wato Gala da Hawick da Jed-Forest da Langholm da Melrose, suka amince su riƙa karawa da juna a kowace kakar wasa bisa tsayayyen jadawali, ana lissafa maki, kuma a fitar da zakara a ƙarshe. Wannan gasa, wadda sunanta Border League, wato Gasar Kan Iyaka, ita ake ɗauka a matsayin lig mafi daɗewa a duniya a reshen zari-rugar da ake bugawa da mutum 15 a kowane ɓangare. Abin da ake nufi da lig shi ne gasar da kowace ƙungiya za ta gamu da sauran duka, a tara maki daga farkon kaka zuwa ƙarshenta, saɓanin gasar kofi inda wanda aka doke sau ɗaya ya fita ke nan. A yau wannan tsari ya zama ruwan dare, amma a wancan zamani shugabannin wasan a Birtaniya ba sa ƙaunarsa ko kaɗan, kuma dalilin da ya sa aka fara shi a wani lungun karkara maimakon a manyan birane yana da alaƙa da sana'ar mutanen yankin, da matsayinsu a idon masu mulkin wasan, da kuma nisan hanya.

Yankin da ake kira Kan Iyaka ƙasa ce ta tuddai da kwaruruka da ke tsakanin birnin Edinburgh da iyakar Ingila, inda kogin Tweed da rassansa irin su Teviot da Ettrick da Jed suke ratsawa. Tumaki ne arzikin tuddan, kuma a ƙarni na 19 ulun tumakin da ruwan kogunan suka haifar da masaƙu a garuruwan da ke bakin ruwa: Galashiels da Selkirk da Langholm suka yi suna wajen saƙa yadin ulu mai kauri, Hawick kuwa ta shahara da safa da rigunan sanyi. Garuruwan ƙanana ne, domin ko Hawick, wadda tana cikin mafi girma, mutanenta ba su wuce kimanin 14,000 ba a yau, Melrose da Langholm kuwa kowannensu bai kai 3,000 ba. Sai dai kowane gari yana ji da kansa ƙwarai, yana da bikinsa na shekara-shekara inda mahaya dawaki suke zagaya iyakar filayen garin, kuma a wasu wurare, musamman Jedburgh, akwai tsohon wasan ƙwallon hannu na gargajiya da ake yi a kan titi, inda mazan gari suke rabuwa biyu, 'yan sama da 'yan ƙasa, kowane ɓangare yana kokawar kai ƙaramar ƙwallo zuwa nasa ƙarshen garin. Mutanen da suka tashi da irin wannan wasa ba su sha wahalar fahimtar zari-ruga ba, wadda ita ma ginshiƙinta ɗaukar ƙwallo da hannu ne, da gudu da ita, da turereniya.

Ƙungiyoyin sun kafu ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan lokaci: Langholm a 1871, Hawick a 1873, Gala ta garin Galashiels a 1875, Kelso a 1876, Melrose a 1877, sai Jed-Forest ta garin Jedburgh a 1885. A daidai wannan lokaci wasan yana samun tsari a matakin ƙasa, domin a ranar 27 ga Maris, 1871 aka buga wasan zari-ruga na farko tsakanin ƙasa da ƙasa a filin Raeburn Place da ke Edinburgh, inda Sikotilan ta doke Ingila, kuma a 1873 aka kafa hukumar da ke kula da wasan a Sikotilan. Amma zari-rugar birni da ta Kan Iyaka ba mutane iri ɗaya ke buga su ba. A Edinburgh da Glasgow manyan ƙungiyoyi na tsofaffin ɗaliban makarantun kuɗi ne da na jami'a, irin su Edinburgh Academicals da aka kafa tun 1857, kuma 'yan wasansu lauyoyi ne da likitoci da ma'aikatan banki, yayin da a Kan Iyaka ƙungiya ta gari ce baki ɗaya, masaƙi da magini da mahauci da manomi suna sanya riga ɗaya. Mutanen birnin su ne ke riƙe da hukumar, su ne kuma ke zaɓen wanda zai buga wa ƙasa, kuma sun daɗe suna kallon ƙungiyoyin kudu a matsayin masu ƙarfin tuwo da ba su san ladabin wasa ba.

Matsalar kuɗi ce ta fara tilasta wa mutanen yankin yin dabara. A 1883 ƙungiyar Melrose ta rasa abin gudanar da harkokinta, sai wani ɗan wasanta mai sana'ar fawa, Ned Haig, tare da maigidansa David Sanderson, suka kawo shawarar a shirya gasar yini guda, a rage 'yan wasa zuwa bakwai a kowane ɓangare, a kuma gajarta lokacin wasa, domin ƙungiyoyi da yawa su kara a rana ɗaya 'yan kallo su biya kuɗin shiga. An yi gasar a filin Greenyards a watan Afrilu na shekarar, Melrose ta doke Gala a wasan ƙarshe, kuma nan da nan makwabta suka kwaikwaya, Gala a 1884, daga baya Hawick da Jed-Forest da Langholm. Wannan wasa na mutum bakwai shi ne ya shiga gasar Olamfik a 2016, kuma kofin duniyarsa sunan Melrose aka sa masa. Abin lura ga tarihin lig ɗin shi ne, gasannin bakwai-bakwai sun nuna wa ƙungiyoyin cewa jama'arsu za su cika fili matuƙar akwai abin da ake takara a kansa, musamman idan abokin karawar garin da ke bayan tudu ne.

Ana cikin haka sai wasan ya dare gida biyu a Ingila. A ranar 29 ga Agusta, 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle daga hukumar ƙasarsu, saboda ta hana a biya ma'aikacin masaƙa ko na ma'adinin kwal diyyar albashin da yake rasawa idan ya bar aiki ranar Asabar don ya buga wasa. Daga wannan ɓaraka aka sami reshe na biyu na zari-ruga, wanda daga baya ya koma mutum 13 a kowane ɓangare kuma ya halatta biyan 'yan wasa, yayin da tsohon reshen ya ƙara tsananta ƙa'idar 'yan dagaji, wato cewa ɗan wasa ba zai karɓi ko kwabo ba saboda wasa. Hukumar Sikotilan ta fi kowace hukuma tsanani a wannan aƙida, kuma a ganinta lig ƙofa ce ta ɓarna, domin inda ake lissafin maki dole a so cin nasara ta kowace hanya, inda kuma ake son nasara haka to kuɗi zai shigo ta bayan gida. Saboda haka a hukumance wasannin ƙungiyoyi duk na sada zumunci ne, sakataren kowace ƙungiya shi ke neman abokan karawa ta wasiƙa, jaridu ne kawai suke haɗa sakamako su ayyana wanda suke ganin shi ne zakara.

Wannan tsari ya yi wa ƙungiyoyin birni daɗi, domin sun san juna tun daga makaranta kuma filayensu na kusa da juna, amma ya bar na kudu a hannun wasu, ba su da tabbacin za a amsa musu wasiƙa, ko kuma a hau jirgin ƙasa a zo musu. Kafa lig a 1901 martani ne ga wannan hali: maimakon jiran alfarmar Edinburgh, garuruwan suka tabbatar wa juna wasanni masu jan 'yan kallo, a tafiyar da ma'aikaci zai iya yi bayan ya tashi daga aiki. Hukumar ba ta yi murna ba, amma ba ta rusa gasar ba, kuma akwai hikima a cikin wannan kawar da kai, ganin cewa garuruwan Kan Iyaka sun yi kama da garuruwan arewacin Ingila da suka ɓalle ta fuskar sana'a da irin mutanen da ke wasa, kuma matsa musu lamba na iya tura su bin sahu. Kelso da Selkirk, wadda aka kafa a 1907, sun shiga daga baya, gasar ta zama ta ƙungiyoyi bakwai, kuma a haka ta zauna shekaru masu yawa, ko da yake ta tsaya a lokacin yaƙe-yaƙen duniya biyu. Hawick, mai kore-koren riguna da filin Mansfield Park, ita ta fi kowa ɗaukar kambun, da tazara mai nisa, ko da yake ƙaramar Langholm ma ta yi shekararta a kakar 1958 zuwa 1959.

Fargabar hukumar ba ta tabbata yadda ta zata ba, domin ƙungiyoyin lig ɗin ba su koma biyan albashi ba, kuma abin da ya riƙe su shi ne cewa ɗan wasa garinsu yake wakilta, ba ya sauya riga zuwa makwabta. A Hawick an gina wani tsani, inda yaro zai fara a makaranta, ya wuce ƙungiyoyin matasa, daga nan ya shiga ɗaya daga cikin ƙananan ƙungiyoyin gari irin su Trades da Linden da Harlequins, kafin a zaɓe shi zuwa babbar ƙungiya. Bill McLaren, wanda ya yi kusan shekara 50 yana sharhin zari-ruga a BBC har zuwa 2002, malamin motsa jiki ne a makarantun Hawick, kuma yara da dama da suka buga wa ƙasa daga baya a hannunsa suka koyi riƙe ƙwallo. Asarar da yankin ya yi ta ɗaiɗaiku ce, domin wakilan ƙungiyoyin arewacin Ingila sun riƙa zuwa da tayin kuɗin da albashin masaƙa ba zai kamo ba, kuma duk wanda ya karɓa an haramta masa tsohon wasansa har abada. Dave Valentine na Hawick ya tafi Huddersfield a 1947, kuma shi ne kyaftin ɗin Birtaniya da ta ci kofin duniya na farko na reshen mutum 13 a 1954.

Sai a kakar 1973 zuwa 1974 hukumar Sikotilan ta haƙura ta kafa lig na ƙasa, ita ce ma ta farko da ta yi hakan a tsakanin hukumomin Birtaniya da Ayalan, kuma sakamakon ya nuna abin da shekara 70 na gasa ta haƙiƙa ta koya wa mutanen kudu. Hawick ta lashe kaka biyar na farko a jere, kuma daga 1974 zuwa 1997, cikin kambu 24 da aka yi takara a kansu, 21 sun tafi Hawick da Gala da Kelso da Melrose, sauran ukun ne kawai Heriot's da Boroughmuir da Stirling County suka samu. Haka abin yake a tawagar ƙasa: lokacin da Sikotilan ta doke Ingila da Faransa da Wales da Ayalan duka a 1984, kocinta Jim Telfer ɗan Melrose ne, kyaftin Jim Aitken na Gala, masu sarrafa wasan a tsakiya kuwa Roy Laidlaw na Jed-Forest da John Rutherford na Selkirk. Da aka maimaita wannan bajinta a 1990, Tony Stanger na Hawick ne ya dire ƙwallon da ta karya Ingila a filin Murrayfield, Gary Armstrong na Jed-Forest da Craig Chalmers na Melrose da manomin Kelso John Jeffrey suna cikin tawagar. Sai dai wannan nasara ita ce ta fara rage wa Gasar Kan Iyaka daraja, tunda hankalin ƙungiyoyin ya koma kan kambun ƙasa, wasannin yanki suka zama abin da ake cusawa inda jadawali ya bari.

Babban sauyi ya zo a watan Agustan 1995, lokacin da hukumar zari-ruga ta duniya ta soke ƙa'idar 'yan dagaji, ta halatta biyan 'yan wasa. A lokacin masaƙun yankin sun riga sun fara rufewa, layin dogon da ya haɗa garuruwan da Edinburgh da Carlisle an rufe shi tun 1969, kuma ƙaramin gari ba shi da attajirin da zai ɗauki nauyin ƙwararrun 'yan wasa. Hukumar Sikotilan ta gwada kafa ƙungiyar ƙwararru guda ɗaya ta yankin duka, wadda aka sani da Border Reivers, aka haɗe ta da ta Edinburgh a 1998, aka farfaɗo da ita a 2002 a filin Netherdale na Galashiels, sannan aka rushe ta a 2007 saboda ƙarancin kuɗi da 'yan kallo. Ba abin mamaki ba ne, domin mutumin Hawick da ya gaji hamayya da Gala daga kakansa ba zai yi saurin zuwa Galashiels ya yi wa wata sabuwar riga tafi ba, kuma hamayyar da ta raya lig ɗin shekara ɗari ita ce ta hana ƙungiyar haɗaka kafuwa. Daga nan haziƙan yaran yankin, irin su Stuart Hogg da Darcy Graham na Hawick, suka riƙa wucewa Glasgow da Edinburgh tun suna matasa.

Lig ɗin kansa ya buɗe ƙofa ga wasu garuruwa, Peebles ta shiga a shekarun 1990, kuma an sha sauya fasalinsa don ya dace da jadawalin ƙasa, tunda ƙungiyoyin yanzu suna matakai daban-daban a lig na ƙasa, ba lallai su gamu ba sai ta wannan hanya. Gasar ba ta da nauyin da take da shi kafin 1973, amma ita ce ke tabbatar da cewa garuruwan suna ci gaba da karawa da juna, kuma masu buga ta har yanzu mutane ne da ke da sana'arsu a gari. A 2023 Hawick ta sake lashe kambun lig na ƙasa tare da Kofin Sikotilan, shekara 150 daidai bayan kafa ƙungiyar.