Gungayen Yawuri: Daga Kwalekwale Zuwa Wayar Hannu

Babbar hanyar mota da ta taso daga iyakar Illela, ta ratsa Sakkwato da Jega da Koko, tana sada matafiyi da Yelwan Yawuri a bakin kogin Kwara. A nan ƙasar Hausa take da tsibiranta, waɗanda ake kira gungaye, mazaunansu kuwa Gungawa.

A zamanin da, kwalekwale shi ne hanya, shi ne kuma gidan waya. Matuƙin da ya ɗauko kifi da hatsi zuwa kasuwa, shi ne zai koma gungu da saƙon sarki da labarin haihuwa ko rasuwa. Ta wannan kogi ne Mungo Park ya wuce Yawuri kafin ya halaka a Busa a 1806, kuma a 1830 Richard Lander da ƙaninsa John suka sauka a wurin Sarkin Yawuri.

Babban sauyi ya zo da madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirin Foge, aka tashi mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Kogin da ake tsallakewa da filafili ya zama faffaɗan ruwa, kututturan itatuwan da ya nutsar suna ɓoye a ƙarƙashinsa. Sai jirage masu inji suka karɓi jigilar.

Labari kuwa tuni ya daina jiran jirgi. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, akwatin rediyo mai batir ya shiga bukkar masunci. Bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, masunci kan iya jin farashin kifi tun bai bar gungu ba.

Sai dai sufuri bai bi sadarwa a wannan gudu ba. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ɗauke da fasinjoji fiye da 150 ya tarwatse kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, waɗanda suka tsira kaɗan ne. Labarin ya karaɗe duniya a ranar, amma waya ba ta ceto wanda ruwa ya ci. Matuƙar ba a samar da jirage masu inganci da rigunan ceto ba, kuma hukumar NIWA, da aka kafa a 1997, ba ta hana lodin da ya wuce ƙima ba, mutanen gungaye za su ci gaba da biyan kuɗin zuwa kasuwa da rayukansu.