Tsawar Likita da Shirun Malamar Jinya: Nazari a Kan Yanayin Aikin Asibiti a Birnin Kudu da Gwaram

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda tsawa da gori da raini daga wasu likitoci ke shafar aikin malaman jinya. An bi hanyar bitar rubuce-rubucen masana, aka auna su da yanayin kudancin Jigawa. An gano cewa babbar illar wannan hali ita ce shirun da yake jefa malamar jinya a ciki, kuma majinyaci ne ke ɗaukar asarar.

1.0 Gabatarwa

Birnin Kudu na da Cibiyar Lafiya ta Tarayya tun shekarar 2000, ga kuma kwalejin horar da malaman jinya da ungozoma ta Jihar Jigawa. Majinyatan da ciwonsu ya fi ƙarfin asibitocin Gwaram da ƙauyukanta akan turo su nan. Saboda haka zaman likita da malamar jinya a wannan yanki batu ne na ceton rai.

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

A 1967, Leonard Stein ya bayyana yadda malamar jinya kan lulluɓe shawararta don likita ya ɗauka tasa ce. A 2008, binciken Rosenstein da O'Daniel a asibitocin Amurka ya danganta cin fuska a wurin aiki da kurakuran magani. A Nijeriya, gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin Yayale Ahmed a 2013 don daidaita tsakanin ma'aikatan lafiya, amma yajin aikin gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya (JOHESU) na 2018 ya nuna tsamin dangantaka bai gushe ba.

3.0 Tattaunawa

Malamar jinya ce ke kwana da majinyaci. Ita ke auna jini, ta sa ƙarin ruwa, ta lura da mai naƙuda da ta fara jijjiga ko zubar da jini. Idan an taɓa daka mata tsawa a gaban 'yan jinya saboda ta tashi likita cikin dare, gobe sai ta yi jinkirin kira. Idan ta ga kuskuren awon magani a kati, sai ta haɗiye maganar.

Tarbiyyar Bahaushe ta kunya da kara da girmama na gaba, wadda ado ce a gida, takan ƙara wa wannan shiru nauyi a asibiti, musamman ga ƙaramar ma'aikaciya a gaban babban likita. Ɗalibai kuma suna kallo suna koyo. Gaskiya ne ƙarancin likitoci da yawan kwanan aiki na taƙaita haƙuri, sai dai gajiya ba ta halatta wulaƙanci.

4.0 Kammalawa

Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wurin aiki a 2022. Ya kamata hukumomin asibitoci su rubuta ƙa'idar ɗa'a da za ta hau kan kowa, su buɗe hanyar kai ƙara cikin sirri, su riƙa horar da likitoci da malaman jinya a aji guda. Asibitin da malamar jinya ke tsoron magana a cikinsa, majinyacinsa yana cikin haɗari.