Zalika Souley

Zalika Souley (1947–2021) 'yar wasan fim ce ta ƙasar Nijar, wadda ake lissafawa cikin matan farko da suka mai da fim sana'a a Afirka ta kudu da Sahara. A Yamai aka haife ta, a zamanin da finafinan kaboyi na Amurka ke cika gidajen silima, samari suna kwaikwayon tafiyar jarumansu.

Wannan yayin ne ya buɗe mata ƙofa. A 1966 Moustapha Alassane ya shirya Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi gari. Zalika na cikinsu, sanye da wando da malafa, tana 'yar shekara 19.

Sunanta ya fi tafiya tare da na mai shirya fim Oumarou Ganda. Ta fito a finafinansa, Cabascabo, sannan Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya ƙara aure da kishin da ya kai ga kisa. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da ita. Saïtane da L'Exilé suka biyo baya.

Matsayin da aka fi ba ta shi ne na fitinanniyar mace: muguwar kishiya, ko mai zaman kanta. Ta kuwa iya, har iyawar ta zame mata jidali. 'Yan kallo da yawa ba sa raba ɗan wasa da rawar da ya taka, don haka aka riƙa zaginta a titi kan laifin da a majigi kawai ta aikata shi.

Ganda ya rasu a 1981, harkar fim a Nijar ta soma durƙushewa, aiki ya yi mata ƙaranci. Daga baya ta tafi ƙasar waje, ta yi aikatau a gidaje. Rahmatou Keïta ta ba da tarihinta a fim ɗin Al'lèèssi na 2004, wanda aka nuna a bikin Cannes. Zalika ta rasu a Yamai ranar 27 ga Yuli, 2021.